Barcelona: laifin 'yan wasa ne, na koci, ko na dokar albashin La Liga?

Ta yaya ƙungiyar da ta doke Real Madrid sau huɗu a kaka ɗaya za ta sayi ɗan wasa, ta ɗaga masa riga a gaban 'yan jarida, sannan ranar wasa a gan shi zaune cikin 'yan kallo domin ba a yi masa rajista ba? Tun daga 2021, kusan duk watan Agusta sai wannan tambaya ta dawo, kuma duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san yadda musun ke rabuwa. Magoya bayan Barcelona su ce Javier Tebas, shugaban La Liga, ɗan Madrid ne, shi ke shaƙe musu wuya. 'Yan Madrid su ce ƙungiyar ta tsiyace, da dabara kawai take numfashi. Wasu kuma su ce a bar zancen kuɗi, dama can matsalar daga koci take, ga shi da koci Hansi Flick ya zo komai ya gyaru.

Abubuwa uku ake cakuɗawa a wannan musu: kuɗin da doka ta yarje wa ƙungiyar ta kashe, ingancin 'yan wasan da take da su, da abin da koci ke iya fitarwa daga jikinsu. Sai an warware su ɗaya bayan ɗaya ake gane inda kowanne ya tsaya.

Mece ce wannan doka ta albashi?

Kuskuren farko shi ne zaton cewa La Liga ta yanke wani adadi ɗaya ta ce kowa kada ya wuce shi. Haka ake yi a gasar NFL ta Amurka, inda a 2024 kowace ƙungiya, babba da ƙarama, aka ba ta iyakar Dala miliyan 255.4, domin a daidaita ƙarfin kowa. A Sifaniya ba daidaita ƙarfi ake nema ba. Kowace ƙungiya da nata adadin, kuma daga littafin kuɗinta ake fitar da shi. Ana duba abin da ake sa ran za ta samu a kakar, daga tikiti da talabijin da talla da cinikin 'yan wasa, a cire abin da za ta kashe a harkokin da ba na fili ba, a cire bashin da ya wajaba ta biya, a yi la'akari da asarar da ta tafka a baya. Abin da ya rage shi ne iyakarta.

Shi ya sa a watan Satumban 2021 aka ba Real Madrid iyakar Yuro miliyan 739, aka ba Barcelona ƙasa da miliyan 100. Shekara biyu kacal kafin nan, iyakar Barcelona miliyan 671 ce.

Dokar ta samo asali ne daga wani hali da mai bin ƙwallon Najeriya ba zai yi mamakinsa ba, wato 'yan wasa su yi wata da watanni ba albashi. A watan Agustan 2011 'yan wasan Sifaniya sun shiga yajin aiki kan haƙƙoƙinsu da aka riƙe, har aka ɗage makon farko na gasar. Ƙungiyoyi da dama sun je kotu neman kariya daga masu bin su bashi, gwamnati kuma tana bin su harajin ɗaruruwan miliyoyi. Da Tebas ya karɓi shugabanci a 2013 aka kafa tsarin sa ido, ƙungiyoyin da kansu suka amince da shi.

Bambancinsa da na Ingila shi ne lokacin bincike. A Firimiya, har zuwa kakar 2025/26, ana barin ka ka kashe, daga baya a duba ko asararka ta wuce Fam miliyan 105 a shekara uku, in ta wuce a zabtare maka maki, kamar yadda aka yi wa Everton da Nottingham Forest a kakar 2023/24. A La Liga tun kafin a busa usur ake tare ka. Kana iya sayen wanda ka ga dama, ba wanda zai hana ka. Amma in ba ka da gurbi a lissafi, ba za a ba shi lasisin buga wasa ba. Ƙungiyar da ta riga ta wuce iyakarta kuma ba a barin ta ta kashe duk abin da ta rage. A lokacin da aka yi dambarwar Messi, in ta sauke nauyin Yuro 100, kusan 25 kawai za ta iya mayarwa kan sabon ɗan wasa. An sassauta wannan kaso daga baya, amma har yanzu burin kowace ƙungiya shi ne ta koma matsayin da ake kira 1:1, inda duk Yuron da ya fita za a iya maye gurbinsa da wani.

Ba albashi kaɗai ake lissafawa ba

A nan ne yawancin masu musu ke ɓata. Cikin lissafin akwai albashin 'yan wasa da na koci da mataimakansa, da alawus-alawus na cin wasa, da ladan dillalai. Akwai kuma kuɗin sayen ɗan wasa, wanda ba a rubuta shi gaba ɗaya a shekarar da aka saya, ana raba shi ne a kan tsawon kwantiraginsa. Antoine Griezmann ya zo a 2019 kan Yuro miliyan 120 da kwantiragin shekara biyar. Ke nan duk shekara miliyan 24 na hawa kan lissafin ƙungiyar tun kafin a biya shi sisin kobo na albashi, ko ya ci ƙwallo ko bai ci ba, ko yana fili ko yana benci.

Yaron da ya taso a La Masia, makarantar horar da yara ta Barcelona, kuwa ba a saye shi ba, don haka wannan layin nasa sifili ne. In aka sayar da shi, duk abin da aka karɓa riba ce tsantsa a kan takarda. A riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin fahimtar tawagar Barcelona ta yanzu.

Yadda aka faɗa ramin

A watan Agustan 2017 PSG ta ajiye Yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar. Shugaban Barcelona na lokacin, Josep Maria Bartomeu, ya shiga kasuwa kowa ya san aljihunsa cike yake kuma hankalinsa a tashe. Aka sayi Ousmane Dembélé daga Dortmund kan miliyan 105 ban da ƙarin tsarabe-tsarabe, aka sayi Philippe Coutinho daga Liverpool a Janairun 2018 kan fiye da haka, sai Griezmann. Mutum uku, kuɗin da ya zarce na Neymar nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya cike gurbin. A gefe guda ana ta sabunta kwantiragin tsofaffin 'yan wasa da albashi mai tsoka da shekaru masu tsawo. Jaridar El Mundo ta fallasa a Janairun 2021 cewa kwantiragin da Lionel Messi ya sa wa hannu a 2017 zai iya kaiwa Yuro miliyan 555 a shekara huɗu. Shi Messi aƙalla yana dawo da kuɗinsa ta talla da tikiti. Na kusa da shi da aka ɗaga wa albashi domin kada tazarar ta yi yawa, su ne nauyin.

Ana cikin haka korona ta zo, aka rufe filin Camp Nou mai ɗaukar mutum kusan 99,000, masu yawon buɗe ido da ke cika gidan tarihin ƙungiyar suka ɗauke ƙafa. Annobar ta taɓa kowa, har da Real Madrid, amma ta tarar da Barcelona ba ko ajiyar gaba. Ranar 14 ga Agustan 2020 Bayern Munich ta yi mata 8-2 a Lisbon. Coutinho, wanda Barcelona ta ba Bayern aronsa tana kuma ci gaba da ɗaukar nauyin kuɗin sayensa, shi ya zura biyun ƙarshe. Kocin Bayern a daren nan Hansi Flick ne.

Bartomeu ya yi murabus a Oktoban 2020, Joan Laporta ya dawo kan shugabancin ƙungiyar a Maris 2021, ya ce ya tarar da bashin Yuro biliyan 1.35. Ya rufe littafin kakar da asarar miliyan 481. Wani kaso mai yawa na wannan asara sabuwar hukumar ce ta rubuta shi da hannunta, ta hanyar rage darajar wasu 'yan wasa a takarda da ware kuɗin ko-ta-kwana na shari'o'i. A siyasance ya yi wa Laporta amfani, domin ya nuna girman ɓarnar wanda ya gada. A lissafin La Liga kuwa ya ƙara danne iyakar ƙungiyar, har a Maris 2022 ta koma ƙasa da sifili da miliyan 144.

Messi ya yarda a raba albashinsa biyu. Duk da haka Laporta ya ce in da shi albashi zai cinye kashi 110 cikin ɗari na kuɗin shiga, in ba shi kashi 95. Ranar 5 ga Agustan 2021 aka sanar da rabuwarsa da ƙungiyar. Akwai wata ƙofa da aka buɗe a makon: yarjejeniyar La Liga da kamfanin CVC, wanda zai zuba kuɗi a ƙungiyoyi ya riƙa karɓar wani kaso na kuɗin talabijin har shekara 50. Tebas ya ce da Barcelona ta shiga, da Messi ya zauna. Laporta ya ƙi, ya ce ba zai jinginar da gobe ba.

Gobe da aka jinginar bayan shekara guda

Abin da ya ƙi yi a 2021 shi ya yi a 2022, da sharuɗɗansa. Ya sayar wa kamfanin Sixth Street na Amurka kashi 25 cikin ɗari na kuɗin talabijin ɗin La Liga da ƙungiyar ke samu, na tsawon shekara 25, kan sama da Yuro miliyan 500. Ya sayar da kashi 49 na sashen shirye-shiryenta, Barça Studios, ga kamfanoni biyu kan miliyan 100 kowanne. Nan take iyakar ta tashi zuwa miliyan 656. Aka kawo Robert Lewandowski da Raphinha da Jules Koundé, aka ɗauki Christensen da Kessié kyauta, koci Xavi ya ci La Liga a kakar.

Kamar manomi ne da ya sayar da hatsinsa tun yana gona: ya yi hidimar bana cikin wadata, amma in kaka ta yi rumbun ba zai cika ba. Kuɗin ya shigo sau ɗaya, albashin da aka ɗauka da shi kuwa na kowace shekara ne. La Liga ta tsaurara doka kan irin wannan ciniki, wani ɓangare na kuɗin Barça Studios bai ma shigo ba, ga ƙungiyar ta koma ƙaramin filin Montjuïc a 2023 domin a sake gina Camp Nou da rancen Yuro biliyan 1.45. A Satumban 2023 iyakar ta faɗo zuwa miliyan 270, a Fabrairun 2024 ta koma 204, alhali abin da ake kashewa kan tawagar ya yi wa wannan nisa.

Masu kare Laporta suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Barcelona ba ta da attajiri a bayanta. Mallakin mambobinta ce, kamar Real Madrid da Athletic Club da Osasuna, ba wanda zai ciro kuɗi daga aljihu ya toshe ɓaraka. In ta yi shekara huɗu tana fafutukar neman gurbi na huɗu, masu talla za su gudu, kuɗin shiga ya ƙara raguwa, iyakar ta ƙara faɗuwa. A ganinsu cacar ta zama dole.

Daga nan ne aka shiga zamanin faci. Gerard Piqué ya rage albashinsa a 2021 kafin a yi wa Memphis Depay da Eric García rajista. Koundé ya rasa wasanni biyun farko a 2022 domin ba a yi masa rajista ba. Dani Olmo, da aka saya daga RB Leipzig a 2024, da raunin Christensen aka shigar da shi, domin doka ta yarda a yi amfani da wani kaso na albashin wanda zai daɗe yana jinya. Lasisin ya ƙare ranar 31 ga Disamba, La Liga da hukumar ƙwallon ƙasar suka cire sunansa da na Pau Víctor, duk da cinikin kujerun alfarma 475 na sabon filin kan miliyan 100 da ƙungiyar ta gabatar a ƙurarren lokaci. Sai da hukumar wasanni ta gwamnatin Sifaniya ta shiga tsakani suka ci gaba da bugawa. A Agustan 2025 kuma takardar likita kan jinyar gola Ter Stegen ce ta zama abin rigima, har aka karɓe masa kambun kyaftin na 'yan kwanaki, domin da ita za a shigar da sabon gola Joan García.

To, Tebas na zaluntar su ne?

Tebas bai taɓa ɓoye goyon bayansa ga Real Madrid ba, kuma bakinsa ba ya shiru, abin da bai dace da mai riƙe da irin wannan muƙami ba. Amma zargin ƙiyayya ba ya tsayuwa in aka dubi sauran. Sevilla, mai kofin Europa bakwai, an ba ta iyakar Yuro miliyan 2.5 a Satumban 2024. Shi kansa Tebas rikicinsa da Florentino Pérez, shugaban Madrid, bai gaza wanda yake yi da Laporta ba. Hukumar UEFA ma, wadda ba ruwanta da Tebas, ta ci tarar Barcelona Yuro miliyan 15 a Yulin 2025 kan karya nata ƙa'idojin kuɗi.

Sukar da ta fi nauyi ita ce wadda ake yi wa tsarin kansa. Wanda ya faɗi, dokar tana wahalar da tashinsa, kuma tana tabbatar da mai kuɗi a kan kujerarsa. Ƙananan ƙungiyoyin Sifaniya sun daina mutuwa da bashi, amma sun zama masu raino suna sayar wa Ingila.

Ingancin tawagar

Akan ji ana yabon Barcelona da cewa ta koma ga tushenta saboda aƙida. Ni dai ina ganin rashi ne ya tura ta. Tsohon koci Ronald Koeman, wanda magoya baya suka yi wa ature, shi ya amince da Pedri da aka ɗauko daga Las Palmas kan kuɗi kaɗan, shi ya fara saka Gavi da Balde. Xavi ya saka Lamine Yamal a Afrilun 2023 yana ɗan shekara 15, ya fito da Fermín López da Pau Cubarsí. Da akwai miliyan 80 na sayen ɗan baya a Janairun 2024, da wuya Cubarsí, yaro ɗan shekara 17, ya samu wannan dama. Makarantar ta yi aikinta, ba shakka, amma a zamanin Bartomeu ma tana nan, yaranta suna tafiya wasu ƙungiyoyi.

Sha ɗayan farko na Barcelona za su iya karawa da kowa a Turai. Inda dokar ke cizo shi ne daga na sha biyu zuwa na ashirin. Da Ter Stegen ya ji rauni a 2024, sai da aka kira Wojciech Szczęsny daga ritaya. A 2025 Nico Williams ya zaɓi ya tsawaita zamansa a Athletic har 2035, aka koma aron Marcus Rashford daga Manchester United. Iñigo Martínez, ginshiƙin bayan Flick, ya tafi Al-Nassr kyauta, abin da ya sauƙaƙa lissafi ya kuma bar giɓi a fili.

Abin da koci ke iya canzawa

Ga wasu alƙaluma biyu da suka cancanci a ajiye su gefe da gefe. Xavi ya ci La Liga a 2022/23 da maki 88, an ci ƙwallo 70, an zura musu 20. Flick ya ci a 2024/25 da maki 88, an ci 102, an zura musu 39. Maki iri ɗaya, hanya daban. Duk mai cewa Xavi bai iya komai ba, sai ya yi bayanin wannan.

Duk da haka, aikin Flick ba ƙarami ba ne. Kusan tawagar da ta gama kakar 2023/24 ba kofi, Girona ta yi mata 4-2 gida da waje, ita ya karɓa, a shekarar da Madrid ta ƙara Kylian Mbappé a kan masu riƙe da kofin Turai. Ya tura 'yan baya har kusa da tsakiyar fili, ya mayar da tarkon satar gida makami. A wasan 4-0 na Bernabéu sau takwas aka kama Mbappé. Raphinha, da ake ta maganar a sayar da shi, ya tashi daga ƙwallo 10 a kaka zuwa 34. Ba sabon ɗan wasa aka saya ba, wurin tsayuwarsa da amanar da aka ba shi ne suka canza. Irin wannan koci a ƙungiyar da aka ɗaure wa hannu ya fi sabon ɗan wasan miliyan 100 daraja, domin yana ɗaga farashin waɗanda ake da su.

Wasan Inter Milan na kusa da ƙarshe a gasar Zakarun Turai a Mayun 2025 shi ne inda bakin kowa ke samun abin faɗa. Mai zargin ƙarancin benci zai ce Koundé da Balde duk suna jinya a San Siro, Lewandowski bai warke sosai ba. Gaskiya ne, sai dai Eric García da ya maye gurbin Koundé ya ci ƙwallo, Gerard Martín kuma ya bayar an ci biyu. Mai zargin koci zai ce ana 3-2 a minti na 87, me ya hana a ja baya a rufe ƙofa, har Francesco Acerbi mai shekara 37 ya farke a minti na 93? A nan na fi karkata. An zura wa Barcelona bakwai a wasa biyu, kuma ba Tebas ne ya tsara inda 'yan baya za su tsaya ba. Salon da ya kawo kofuna uku shi ne ya hana na huɗu.

Shi kuwa Xavi, abin da ya ƙarasa raba shi da aiki a Mayun 2024 har da faɗin da ya yi a bainar jama'a cewa halin kuɗin ƙungiyar ba zai bari ta yi gogayya da Madrid cikin sauƙi ba. Bai yi ƙarya ba. Wurin faɗar ne Laporta bai so ba.

Abin da mai kallo zai lura da shi

In aka ce Barcelona ta cim ma yarjejeniya da wane, tambayar farko ita ce wa zai fita, kuma nawa ficewarsa za ta sauke. La Liga tana wallafa iyakar kowace ƙungiya bayan an rufe kasuwar bazara da ta hunturu. A Fabrairun 2025 ta Barcelona ta kai miliyan 463, a Satumba ta sauko 351, ta Madrid kuma tana 761.

Komawa Camp Nou da aka yi a Nuwamban 2025 ita ce babbar ƙofar samun sauƙi, musamman in aka kammala shi ya kai mutum 105,000 da aka tsara. Sai dai daga wannan kuɗin za a riƙa biyan rancen ginin, kuma rubu'in kuɗin talabijin na La Liga ya riga ya tafi har zuwa 2047. Yaran da suka riƙe ƙungiyar da araha su ma sun daina zama masu araha. Lamine Yamal ya sa hannu a sabon kwantiragi har 2031 ya karɓi riga mai lamba 10, Pedri da Gavi da Cubarsí duk an sabunta nasu. Lewandowski kuma an haife shi ne a 1988, kuma mai cin ƙwallo irinsa La Masia ba ta cika fitarwa ba, a kasuwa ake nemo shi da tsabar kuɗi.